Komawa fagen wasa bayan tiyatar haɗe gaɓar babban yatsan ƙafa

Akasarin mutanen da aka yi wa tiyatar haɗe gaɓar babban yatsan ƙafa sukan koma wasanni da motsa jiki cikin watanni uku zuwa shida, kamar yadda binciken likitocin ƙashi ya nuna.

Sai dai kuma gaɓar da aka haɗe ba ta sake lanƙwasawa har abada, kuma wannan ne ke sa mutane da dama fargabar amincewa da aikin.

Batun yana da nauyi na musamman a wurare irin su Wurno da Rabah da Goronyo a gabashin jihar Sakkwato, inda ake yin kokawa da dambe da langa da ƙwallon unguwa ba tare da takalmi ba, kuma abincin mafi yawan jama'a yake cikin laka a fadama.

Aikin da gaɓar ke yi

Gaɓar da ake magana a kai ita ce wadda ke gindin babban yatsa, daidai inda ya haɗu da tafin ƙafa.

A duk takun da mutum ya yi, dunduniya ce ke fara ɗagawa, sannan nauyin jiki ya gangaro gaba, gaɓar ta lanƙwasa sama, yatsan ya tunkuɗa ƙasa.

Idan ana gudu ko tsalle, nauyin da ke sauka a wurin yakan ninka nauyin jikin mutum.

Guringuntsi ne ke lulluɓe bakin ƙasusuwan biyu, ya hana su gogar juna. Idan ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, wani tsiro na ƙashi ya fito a saman gaɓar, yatsan ya sandare.

Likitoci na kiran wannan lalura hallux rigidus, kuma ita ce amosanin gaɓɓai da ya fi yawa a ƙafa. An ƙiyasta cewa tana kama mutum ɗaya cikin 40 daga waɗanda suka haura shekara 50.

Abin da ke lalata ta

Wasu gadon ta suke yi, saboda yanayin ƙirar ƙafarsu.

Ga matasa kuwa, sau da yawa tsohon rauni ne: tuntuɓe mai tsanani, ko taka yatsa da dabba ta yi, ko targaɗe a filin ƙwallo, ko karaya da ta shiga cikin gaɓar aka ɗora ta ba daidai ba.

Haka kuma cututtukan da ke kumbura gaɓoɓi, irin su gawut, wadda ke faruwa idan wani sinadari ya taru a jini ya daskare cikin gaɓa, kan cinye guringuntsin a hankali.

Ba kowa ne ke buƙatar tiyata ba. Akan fara da takalmi mai faɗi mai taurin ƙasa, da magani, wani lokaci da allura a cikin gaɓar.

Idan lalacewar ba ta yi nisa ba, likita na iya kankare tsiron ƙashin kawai, ya bar gaɓar tana motsi.

Haɗewa ita ce matakin da ake ɗauka idan guringuntsin ya ƙare, kuma zafi ya hana mutum tafiya ko barci.

Yadda ake yin tiyatar

Tun ƙarni na 19 likitoci suka fara yin wannan aiki, kuma har yanzu shi ake ɗauka a matsayin mafi tabbas ga gaɓar da ta lalace sarai.

Likita kan tsaga saman gaɓar ko gefenta, ya kankare ragowar guringuntsin, ya haɗa bakin ƙasusuwan biyu, sannan ya ɗaure su da kusoshin ƙarfe, sau da yawa tare da wani siririn ƙarfe da ake shimfiɗawa a sama.

Ba a miƙe yatsan ɗoɗar. Akan ɗan ɗaga shi sama kaɗan, domin ƙafa ta riƙa mirginawa a kansa lokacin tafiya.

Ƙarafan riƙo kawai suke yi. Jiki ne da kansa ke toho da sabon ƙashi ya cike tsakanin, har biyun su zama ɗaya, kamar dai yadda karaya ke warkewa.

Wannan kan ɗauki makonni shida zuwa goma sha biyu, kuma a sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin, ƙashin yakan haɗe.

Ƙaramar gaɓar da ke kusa da farce ba a taɓa ta, don haka kan yatsan yana ci gaba da motsi.

Inda ake yin ta

Aiki ne na ƙwararren likitan ƙashi. Ga mazauna gabashin Sakkwato, wannan na nufin tafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke birnin Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a shekara ta 1959.

Tafiyar kuma ba sau ɗaya ba ce. Akwai komawa don cire zare, da komawa don ɗaukar hoton ƙashi aƙalla sau biyu.

Ganin yadda matsalar tsaro ta addabi wasu hanyoyin yankin tun daga shekara ta 2018, yana da kyau mutum ya tsara da likitansa tun farko inda za a riƙa wanke masa ciwon kusa da gida, da kuma ranakun da ba makawa sai ya je birni.

Matakan warkewa

Likitoci sun bambanta a kan wasu ƙa'idojin, kuma umarnin wanda ya yi aikin shi ne abin bi. Amma ga yadda tsarin yake a mafi yawan asibitoci.

Makonni biyu na farko na hutu ne. Ana son ƙafar ta kasance a ɗage bisa matashi, sama da ƙugu, a mafi yawan yini, kuma kada ruwa ya taɓa bandejin. Akan cire zare bayan kwanaki 10 zuwa 14.

Daga nan zuwa mako na shida, mutum kan yi tafiya da wani takalmi na musamman mai taurin ƙasa, yana dogara kan dunduniya, wani lokaci da taimakon sanda. Wasu likitocin kan hana taka ƙafar gaba ɗaya a wannan lokaci.

A wannan mataki ana iya motsa idon sawu da gwiwa a zaune ko a kwance, domin jini ya gudana kuma sharaɓa kada ta saki.

A mako na shida ake ɗaukar hoton ƙashi. Idan ya nuna an fara haɗewa, sai a koma takalmi mai faɗi, a fara tafiya ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, a hau keke a hanya mai laushi.

Bayan wata uku, idan hoto na biyu ya tabbatar ƙashin ya haɗe, ana iya fara sassarfa: gudu na minti ɗaya, tafiya ta minti biyu, a tsallake kwana ɗaya kafin a maimaita.

Wasannin da ake tsalle ko juyawa ba zato ko karo da abokin hamayya, su ne na ƙarshe, tsakanin wata na huɗu zuwa na shida, wasu ma fiye.

Kumburi, musamman da yamma, yana iya kaiwa shekara guda kafin ya tafi gaba ɗaya.

Babban haɗarin yana tsakanin mako na uku da na takwas, domin a lokacin zafi ya riga ya ragu, mutum ya ga kamar ya warke, alhali ƙashin bai kama ba. Hoton ƙashi ne ke ba da izinin komawa fili, ba ɗaukewar zafi ba.

Abin da bincike ya nuna

A shekara ta 2019, likitoci a asibitin ƙashi na Hospital for Special Surgery da ke birnin New York na Amurka sun wallafa sakamakon bin diddigin mutane 50 da aka yi wa wannan tiyata, waɗanda shekarunsu ba su wuce 55 ba.

Kashi 96 cikin ɗari sun ce sun gamsu da yadda suka koma wasanni. Waɗanda suka fi yi sun haɗa da tafiya a ƙasa, da tuƙa keke, da ɗaga ƙarfe, da iyo, da gudu.

Sai dai kusan kashi ɗaya cikin biyar na wasannin, mutanen sun ce sun fi yi musu wuya fiye da da.

Wani binciken da aka wallafa a 2005 daga birnin Dallas ya gano cewa uku cikin huɗu na masu sassarfa da masu wasan tanis sun koma wasanninsu.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Lleyton Hewitt, ɗan wasan tanis na Ostireliya wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya, ya kuma lashe gasar Wimbledon a 2002.

An haɗe masa gaɓar babban yatsan ƙafar hagu a watan Fabrairun 2012. A ƙarshen watan Mayun shekarar ya buga gasar Faransa, sannan a watan Janairun 2014 ya doke Roger Federer a wasan ƙarshe na gasar Brisbane.

Tanis wasa ne na zabura da tsayawa cak, kamar wasan Fives na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya shahara da shi tun yana Kwalejin Katsina.

Amma a lokacin Hewitt yana da likitoci da masu gashin ƙashi da ke kula da shi. Saurin da ya yi ba ma'auni ba ne ga kowa.

Wasa ba takalmi

Kusan duk wasannin ƙasa da waɗannan bincike suka duba, da takalmi ake yin su, kuma takalmin yana ɗauke wa ƙafa aiki mai yawa.

Takalmi mai taurin ƙasa, wanda gabansa ya ɗan karkata sama, yakan mirgina da ƙafar, ya maye gurbin lanƙwasawar da gaɓar ta rasa.

Wanda ke wasa ba takalmi ba shi da wannan kariya. Nauyin yakan koma kan ƙaramar gaɓar kusa da farce da kuma gindin sauran yatsu, abin da kan jawo zafi da kanta a tafin ƙafa.

Ɗan kokawa yakan kafe yatsunsa cikin rairayi yana tunkuɗa abokin karawa. Rairayi mai laushi yana sauƙaƙa wa yatsan da ba ya lanƙwasawa, domin yana nutsewa a ciki, amma ƙasa mai tauri ba ta yi masa wannan rangwame.

Saboda haka mai niyyar komawa kokawa zai fara ne da atisaye cikin takalmi, sannan tafiya ba takalmi a rairayi, sannan riƙo da abokin atisaye ba tare da kayarwa ba. Shiga fili gaban makaɗa shi ne ƙarshe, kuma bai kamata ya zo kafin wata shida ba.

A dambe, matsalar ita ce shuri. Yatsan da ya sandare ba ya kaucewa idan ya ci karo da gwiwa ko ƙaurin abokin karawa, don haka ƙarfin bugun yakan sauka kai tsaye a ƙashi ko kan kusoshin.

Langa ta fi duka matsa wa gaɓar, tun da nauyin jiki gaba ɗaya yana sauka kan gaban ƙafa ɗaya a kowane tsalle. Mafi sauƙi shi ne a tsaya kan lafiyayyar ƙafar, a riƙe wadda aka yi wa aiki.

Mai ƙwallon ƙafa zai iya komawa, amma da takalmi mai faɗin gaba, kuma ya riƙa bugu da cikin ƙafa ko bayanta maimakon tsinin yatsa. Abin da yawanci ke raguwa shi ne zaburar farko ta gudu.

Doki da babur da iyo

Keke na daga cikin abubuwan da aka fi saurin komawa, domin ana iya taka feda da tsakiyar ƙafa.

Hawan doki ma bai cika takura wa gaɓar ba, musamman da faffaɗar likkafa irin ta gargajiya wadda tafin ƙafa ke zama a ciki. Haɗarin yana wajen hawa da sauka da faɗuwa, don haka sukuwa sai bayan ƙashi ya haɗe.

Masu babur, ciki har da 'yan kabu-kabu, su lura cewa ƙafar hagu ce ke sauya giya, ta dama kuma ke taka birki da tayar da inji. Kowace aka yi wa aiki, akan jira aƙalla makonni shida zuwa takwas, har sai mutum zai iya taka birki da ƙarfi ba tare da ɗar-ɗar ba.

Iyo motsa jiki ne mai kyau ga mai jinyar ƙafa, tun da ruwa na ɗauke nauyi. Amma shawarar da ake bayarwa a ƙasashen Turai ta shafi ruwan kududdufin wanka ne da ake zuba wa magani.

Ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da na hanyoyin ban-ruwa na Wurno da na kogin Rima, ba haka yake ba. Shiga irin wannan ruwa da ciwon da bai rufe ba yana iya kai ƙwayoyin cuta har kan ƙarfen da ke ciki, kuma idan suka kama ƙarfe, fitar da su yana da wuya.

Fadama da zaɓen lokaci

Ga manomin shinkafa ko albasa ko tafarnuwa a wannan yanki, komawa gona ta fi komawa fili gaggawa, kuma ta fi haɗari.

Laka tana riƙe ƙafa, kuma fizge ta yana murɗa gaban ƙafar daidai inda aka yi aikin. Dashe da cira kuwa a tsugune ko a duƙe ake yin su tsawon yini.

Wannan tiyata ba ta gaggawa ba ce, don haka mutum na da damar zaɓen lokacinta.

Wanda ya dogara da noman rani zai yi la'akari da cewa yana buƙatar kimanin wata uku kafin ya shiga fadama, kuma ko a lokacin da takalmin roba mai tsawo. Mai noman damina kuma zai fi samun sarari bayan kaka.

Zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Sakkwato kan haura digiri 40, yana ƙara kumburi da gumi a ƙarƙashin bandeji, don haka ana buƙatar ƙarin kula da tsabtar ciwon a watannin Maris zuwa Mayu.

Salla da tsuguno

Tambayar da yawancin majinyata a ƙasar Hausa za su fara yi ita ce ta salla, domin a sujada yatsun ƙafa kan lanƙwasa, kuma a zaman tahiya mabiya mazhabar Malikiyya kan kafe ƙafar dama, cikin babban yatsa yana taɓa ƙasa.

A makonnin farko bai kamata a ɗora nauyi a gaban ƙafar ba. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa mara lafiya yana salla gwargwadon ikonsa, a zaune idan tsayuwa ko sujada za ta cutar da shi, kuma yana iya shafa a kan bandeji wajen alwala.

Bayan warkewa, mutum kan iya sujada ta hanyar dogara kan ƙarshen yatsan da kuma sauran yatsu huɗu, waɗanda ke lanƙwasawa kamar da.

Tsuguno a kan dunduniya, tafin ƙafa a shimfiɗe, yakan yiwu idan idon sawu yana da laushi. Tsuguno a kan yatsu ne ke wahala. A wata na farko da na biyu, kujera mai rami a bayan gida tana rage haɗarin zamewa.

Ga mata, takalmi mai dogon tsini ba zai sake shiga daidai ba. Yawanci abin da ƙafar ke ɗauka bai wuce kimanin santimita uku ba.

Abin da ke hana ƙashi haɗewa

Taba sigari da shisha suna kan gaba, domin suna tsuke jijiyoyin da ke kai jini wurin. Likitoci kan nemi a daina makonni kafin aikin, har zuwa lokacin da ƙashi ya haɗe.

Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewa, yana kuma ƙara haɗarin ruɓewar ciwo. Mai sikila ma dole ya sanar da likita tun kafin a sa ranar tiyata.

Magungunan kashe zafi da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba suna da nasu lahanin. Wasu likitocin kan hana yawan shan irin su diclofenac a lokacin da ƙashi ke haɗewa, yayin da tramadol ke rufe zafin da ya kamata ya gargaɗi mutum ya tsaya.

Haka nan, wurin da aka sa ƙarfe ba wurin ɗori ba ne. Ja da murzawa da gashi da ruwan zafi da tsaga, duk suna iya kwance kusoshin ko su shigar da cuta.

Abinci mai gina jiki na taimakawa, kuma akwai shi a yankin: nono, da kifi, da wake, da ƙwai, da zogale.

Lokacin komawa asibiti

Zazzaɓi, ko ruwa ko mugunya daga ciwon, ko wari, ko zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, alamu ne na a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba.

Kumburi da zafi a sharaɓa, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, na iya nufin jini ya daskare a jijiya, kuma wannan lamari ne na gaggawa.

Idan bayan an koma wasa aka ji yatsan yana motsi a gindinsa, ko wani ƙas-ƙas a ciki, to a dakata a ɗauki hoto, domin mai yiwuwa ƙashin bai haɗe ba, kuma wani lokaci sai an sake aikin.

Ƙarafan kuwa ba a cika cire su ba. Akan bar su a ciki har abada, sai fa idan suna gogar takalmi ko suna damun fata, kuma ko a hakan sai bayan hoto ya tabbatar ƙashin ya zama ɗaya.